Tallar kaya ta bidiyo: mai saye na son ganin aiki da idonsa

A kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi, mai sayen atamfa ba ta biya sai ta taɓa, ta murza, ta ɗaga ta a rana. Ciniki ta WhatsApp, Facebook da TikTok ya hana mai saye wannan dama: hoto yake gani, ya tura kuɗi ta Nita ko Amana, sannan ya jira kaya su iso a mota. Shi ya sa ƴan kasuwa suke ɗaukar bidiyon kayansu ana cikin aiki da su, hannun mai talla ya tsaya a madadin hannun mai saye.

Bidiyo mai kyau yana amsa tambayar da ke ran mai saye. Game da atamfa, tambayar ita ce: tana zuba? To, a tsoma gefenta a farin bokiti da ruwan sabulu, a matse, a nuna ruwan. Injin markaɗe kuwa, kowa ya san zai niƙa tumatir. A zuba masa jiƙaƙƙen waken ƙosai, nan ake sanin ƙarfinsa. Fitila mai cajin rana ba a gwada ta da tsakar rana, sai a ɗaki mai duhu da agogo a gefe, tunda awowin da take yi su ne abin sayarwa.

Kada a ja magana. Mega kuɗi ne, kuma mai kallo ba zai jira doguwar gaisuwa ba. A fara da gwajin, a faɗi farashi da baki, jika nawa, a kuma rubuta shi, saboda masu kallo ba sauti.

Sai dai gwaji ma ana yin maguɗi a cikinsa. Duk inda hoton ya yanke tsakanin zuba wake da fitowar ƙullu, ana iya sauya kwano. Masu man shafawa sun fi kowa wannan dabara: hoton farko a inuwa, na biyu a haske, an goge fuska da manhajar waya. Mai saye a Tawa ko Yamai na da hanyar kare kansa kafin ya tura kuɗi: ya nemi a kira shi ta bidiyo, a maimaita gwajin yana kallo, da ainihin kayan da za a ɗaure masa.