'Yan Aji Takwas da Shari'ar Mayyar Salem

A shekarar 2020, wata malamar makaranta mai suna Carrie LaPierre ta kawo wa ɗalibanta tsohuwar shari'ar wata mata da aka zarga da maita, a garin North Andover da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Yaran 'yan shekara 13 zuwa 14 ne, shari'ar kuwa tun 1693 aka yanke ta. Da farko ba su ɗauki abin da zafi ba. Matar ta mutu tuntuni, ba a ma rataye ta ba, kuma da bakinta ta ce ita mayya ce. To, me ya rage?

Sunanta Elizabeth Johnson ƙarama, 'yar shekara 22, jikar limamin cocin Andover, Francis Dane. A 1692 zargin maita ya ɓarke a ƙauyen Salem bayan wasu 'yan mata sun fara faɗuwa suna ihu suna kiran sunayen mutane. Kafin ƙurar ta lafa an zargi fiye da mutum 150, an rataye 19, an kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya cika saboda ya ƙi amsa tuhuma. Alƙalai sun yarda da shaidar kurwa: mutum ya ce ya ga kurwar wance tana shaƙe shi cikin dare, kotu ta rubuta. Ta yaya wanda ake tuhuma zai ƙaryata abin da mai ƙara kaɗai ke gani?

Wanda duk ya zauna da takardun nan zai ci karo da abin da ke rushe tunanin farko. Waɗanda suka tsaya kai da fata cewa ba su da laifi, su aka rataye. Waɗanda suka amsa, suka kuma ambaci wasu, su aka bari da rai. Samuel Wardwell, mutumin Andover, ya amsa, daga baya ya janye maganarsa, sai aka rataye shi a watan Satumba na 1692. Ke nan amsa laifin Elizabeth ba hujja ba ce a kanta. Budurwa ce da aka tsare, an kama danginta da dama har da mahaifiyarta, kakanta ma ya shaida cewa ba ta da cikakken wayo. Ta faɗi abin da ta ga yana hana igiya shiga wuya.

Duk da haka, a watan Janairu na 1693 kotu ta yanke mata hukuncin kisa. Gwamna William Phips ne ya dakatar da shi, amma laifin ya zauna a kan sunanta. A 1711 majalisa ta wanke da yawa daga cikin waɗanda aka hukunta, babu ita. Ta kai kokenta a 1712, ba a biya mata bukata ba. An sake yin doka a 1957, an ƙara sunaye biyar a 2001, nan ma an tsallake ta. Ta rasu a 1747, ba aure ba ɗa, saboda haka ba ta da uwa a gindin murhu. Wannan ne ya fi ci mini rai a labarin: an wanke masu jikokin da za su yi magana, an manta da wadda ba ta bar kowa ba.

Mu ma mun san irin wannan zargi. Yaro ya kwanta da zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa, a taru a ƙofar gidanta a ce sai ta tsallaka shi. Sau da yawa wadda ake nunawa ita ce marar gata.

Yaran da suka fara da ko-in-kula su ne suka koma binciken tarihinta, suka koyi yadda ake tsara ƙudurin doka, suka riƙa rubuta wa 'yan majalisa wasiƙu. Sanata Diana DiZoglio ta ɗauki maganar. Ƙudurin ya maƙale a kwamiti, ɗaliban shekara ta gaba suka ɗora daga inda na farko suka tsaya, sai aka shigar da shi cikin dokar kasafin kuɗin jihar. Ranar 28 ga Yuli, 2022, Gwamna Charlie Baker ya sa hannu, aka wanke Elizabeth Johnson shekara 329 bayan an yanke mata hukunci.