Barasar Da Ke Makantarwa: Bayani A Kan Etanol Da Metanol

A cikin watan Afrilu na 2015 wata cuta ta ɓulla a garin Ode-Irele na Jihar Ondo. Mutum ya fara da ciwon kai, ganinsa ya dushe, kafin kwana biyu rai ya yi halinsa. Mutum 18 suka rasu tun da farko. Da aka bincika, sai aka tarar metanol ne a cikin ogogoron da suka sha. A watan Yuni na shekarar irin wannan masifa ta auka wa Jihar Ribas, inda fiye da mutum 60 suka halaka.

Akwai wani dangi na sinadarai da masana kimiyya ke kira alkohol. Alamarsa ita ce ƙwayar oksijin da ta haidirojin a haɗe, suna manne da karbon. Etanol, mai karbon biyu, shi ne wanda yisti ke samarwa in ya ci sukarin dawa ko na ruwan bammi. Metanol kuwa karbon ɗaya gare shi, kuma a masana'antu ake yin sa daga iskar gas, domin aikin fenti da makamantansa. Dukansu biyu garau suke kamar ruwa, warinsu kusan ɗaya, harshe ba ya rarrabe su. Sai dai metanol ya fi araha, shi ya sa marasa imani ke gauraya shi a cikin abin sha.

In aka bar bammi a buɗe, ƙwayoyin bakteriya sukan haɗa etanol da iska su mai da shi asid na asetik, watau ruwan khal. Wannan shi ne dangi na biyu, asid na kaboksil, kuma yana cikin abincin kowane gida: laktik a kindirmo, sitirik a lemun tsami, tatarik a tsamiya. In kuma alkohol da irin wannan asid suka haɗu, ruwa ya fita, sai a sami esta. Ƙamshin ayaba na esta ne. Man gyaɗa da manja su ma esta ne, kuma kwance su ake yi da ruwan toka a wajen dafa sabulun salo.

To, abin da ke faruwa a tulun bammi, irinsa hanta ke yi. Takan mai da etanol asid na asetik, jiki ya ƙone shi, ko da yake yawan shan barasa na lalata hantar kanta. Amma in metanol ta samu, sai ta mai da shi fomaldehaid, sinadarin nan da ake adana gawa da shi, daga nan ya zama asid na fomik. Jiki ba ya iya kawar da wannan da sauri. Sai ya taru, ya tsamama jini, ya kama jijiyar ido. Cokalin shayi biyu na tsantsar metanol, kimanin mililita 10, na iya makantar da babban mutum har abada. Mililita 30 na iya kisa.

Babban haɗarin shi ne jinkiri. Sau da yawa alamu ba sa bayyana sai bayan awa 12 zuwa 24, lokacin da mutum ke zaton ya tsira. Kada kuma wanda ba ya shan barasa ya ce ba ruwansa, domin akwai metanol a cikin wani sifirit na masana'antu da jabun ruwan tsabtace hannu, yana kuma iya ratsa fata. Wajibi ne a ajiye irin waɗannan inda yara ba za su kai ba, kada a ɗura su a kwalbar lemo.

Duk wanda aka yi zaton ya sha metanol, a garzaya da shi asibiti tun kafin ido ya fara hazo, tare da sauran abin da ya sha da waɗanda suka sha da shi. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, ba sa karya wannan guba. Likitoci suna da maganin da ke hana hanta juya metanol, in kuwa abin ya yi nisa sai a wanke jini da na'ura.