Ranar da Gwaggo Ta Fara Nema da Hannunta

Shirin yau na masu riƙe da babbar waya ne, waɗanda in abu ya taso sai sun jira yaro ya dawo daga makaranta ya duba musu. In kina cikinsu, ko kana cikinsu, a gyara zama, a jawo wayar kusa, don za mu taɓa ta kafin mu rabu.

Da gwaggona zan fara. Shekara 35 ta yi tana koyarwa a firamare, kuma cikin yaran da ta koya wa baƙi da wasali akwai waɗanda yau likitoci ne. Da ta yi ritaya, babban ɗanta ya sayo mata waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ta iya WhatsApp sosai. Tana tura saƙon murya, tana sauraron karatu, tana kallon hotunan jikoki. Wata Asabar na je gaishe ta, na tarar da ita a kan darduma, tabarau a hanci, katin ATM ɗinta a gefe guda. Na ce, "Gwaggo, lafiya aka fito da kati?" Ta ce an turo saƙo a guruf ɗin matan unguwa, wai ana raba tallafi ga 'yan fansho, a danna wani linki a cike suna da lambar BVN da lambar kati. Jikanta take jira ya dawo daga Islamiyya ya cike mata.

Na ce, "Wa ya turo, Gwaggo?"

Ta ce, "Matar liman ce. Ai ba za ta yi ƙarya ba."

Gaskiya ne, matar liman ba ta yi ƙarya ba. Ita ma turo mata aka yi. Abin da ya tsaya mini a rai ranar shi ne, wannan matar da ta koya wa ɗaruruwan yara karatu ba ta da hanyar da za ta bi da kanta ta gano ko zancen gaskiya ne. Ba rashin ilimi ba ne. Babu dai wanda ya taɓa zama ya nuna mata.

Da muka fara, na gane Gwaggo ta ɗauka intanet shi ne WhatsApp da Facebook, shi ke nan. Mutane da yawa haka suka ɗauka. Sai na ce mata ta tuna Kantin Kwari. Wanda ya saba da shago ɗaya, kullum nan ake sauke shi, nan ake ɗaukarsa, zai iya rantsuwa kasuwar ke nan, alhali layuka ne birjik a bayansa. WhatsApp shago ɗaya ne. Mai kai ka sauran layukan ita ce manhajar da ake kira burauza. A yawancin wayoyinmu Chrome ce, mai da'irar nan mai ja da ruwan ɗorawa da kore, da shuɗi a tsakiya. Wasu suna da Opera Mini mai jan harafi, wadda mutane suka so saboda tana rage cin data. Masu sauraro, a duba fuskar waya yanzu, za a ga ɗaya daga cikinsu. Wataƙila shekara biyu tana nan ba a taɓa ta ba.

Gwaggo ta tambaye ni daga ina abin yake zuwa, ta nuna sama da yatsa. Na ce mata tsakanin wayarta da dogon ƙarfen sabis ne kawai saƙo yake bin iska. Daga nan wayoyi ne a binne a ƙasa har Legas, daga Legas kuma su nutsa ƙarƙashin teku. Ɗaya daga cikinsu, MainOne, ta fara aiki a 2010, kuma daga ƙasar Fotugal ta taso. Waɗanda suka tuna watan Maris na 2024, lokacin da intanet ya yi ta wahala a Najeriya da Gana da maƙwabtansu har harkar banki ta tsaya wa mutane, ai wasu daga cikin wayoyin nan ne suka lalace a teku, wajen gaɓar Kwaddibuwa. Su kuwa shafukan da muke buɗewa, wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya tsara yadda za su riƙa haɗuwa da juna, a 1989, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba. A 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa. Mu kuma wayar salula ta GSM ba ta iso mana Najeriya ba sai 2001. Saboda haka duk wanda ya haura arba'in, da girmansa abin ya same shi. Babu abin kunya a ce ba a iya ba.

To, a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar shirin. In an buɗe burauza, akwai wani dogon fili, yawanci a can sama. Nan ake rubuta adireshi, nan kuma ake karanta adireshin duk shafin da aka shiga. Wanda ya iya karanta wannan layi ɗaya ya tsira daga damfara da yawa da ake yi a waya.

Yadda na bayyana wa Gwaggo shi ne, a garinmu in baƙon yaro ya yi sallama ya faɗi sunansa, ba a tsayawa nan, sai an ce, ɗan gidan wa? Adireshi ma haka yake. Sunan maigidan yana can ƙarshe, dab da karkatacciyar sanda ta farko da ta biyo bayan sunan. Shafin hukumar JAMB, alal misali, jamb ne, ɗigo gov, ɗigo ng. Wannan wutsiyar ta gov.ng an keɓe ta ne ga hukumomin gwamnatin Najeriya, kamar yadda edu.ng take ga manyan makarantu. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, a wajenku haruffan n da e su ne wutsiyar ƙasa, shafukan gwamnati da dama kuma gouv.ne suke ɗauke da ita. Abin da macuta suke yi shi ne su sa sunan hukuma a farko, inda ido yake fara sauka, sannan su jero wasu kalmomi, su ƙare da wata wutsiya dabam. Ko su canja harafi ɗaya, su sa sifiri a gurbin harafin o. Hoton tambarin gwamnati a saman shafi ba shaida ba ne, kowa yana iya kwafo shi ya manna. Haka ma haruffan https da ake gani a farkon adireshi. Abin da suke nufi kawai shi ne wani ba zai leƙa saƙonka a hanya ba. Ba su ce wanda ke karɓa a can mutumin kirki ne ba.

Na ce Gwaggo ta karanta mini adireshin tallafin nan. Ta matso da wayar, ta bi shi harafi harafi da bakin farcenta, yadda take bin rubutun ɗan aji ɗaya. Ta kai ƙarshe, ta sake komawa farko. Ta ce, "Babu gov ɗin a nan." Ta yi shiru. Sannan ta ɗauki katinta ta mayar cikin jaka, ta zuge.

Daga nan muka shiga nema. Wannan filin na sama, in ba ka san adireshi ba, kana iya rubuta abin da kake so kawai. Ba sai an yi sallama ko doguwar jimla ba. Kalma uku ko huɗu sun isa: lokacin shukar gero, ko alamomin hawan jini. Kuma da Hausa ma ana nema. Akwai shafukan BBC Hausa da DW da RFI da Aminiya, akwai Wikipedia ta Hausa, kuma tun 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, ko da yake fassarar takan yi tuntuɓe, kada a dogara da ita a maganar magani ko ta shari'a. Mai son haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, yana iya ƙara Hausa a allon rubutun Gboard. Abu biyu nake roƙo a riƙa dubawa in sakamako ya fito. Na saman nan sau da yawa talla ne, an biya kuɗi aka ɗora shi, kuma akan rubuta hakan da ƙananan haruffa a kusa da shi. Sai kwanan wata. Labarin ɗaukar ma'aikata na shekara huɗu da suka wuce yana nan daram a intanet, kamar jiya aka rubuta shi.

Babban abin da ya ɗaure hannun Gwaggo tsoro ne. Duk sanda yatsanta ya kusanci gilashin sai ta janye ta ce, "Kada in ɓata wa yaron nan waya." Na nuna mata alamar komawa baya, na ce duk inda ta shiga ba ta gane ba, ta danna ta fito. Karanta shafi ba ya lalata waya. Wuraren haɗarin sanannu ne: inda aka ce ki rubuta lambar sirri, inda aka ce ki sauke wata manhaja da ba ki sani ba, da inda aka ce ki tura kuɗi kafin a ba ki wani abu. Lambar nan da banki yake turowa ta saƙo, wadda ake kira OTP, mukullin asusunki ce. Ma'aikacin banki na gaskiya ba zai kira ya nemi a karanta masa ita ba. Tsoronta na biyu data ne, kuma tana da gaskiya, kuɗi ne. Amma rubutu ba shi da ci. Bidiyo ne yake shanye data kamar rairayi da ruwa. A Najeriya, kowane layi kake riƙe da shi, in ka danna *323# za ka ga abin da ya rage maka. A duba kafin a fara, a duba bayan an gama, cikin kwana biyu za a gane me ke cin me.

Iyaye masu 'ya'ya a sakandare, ga wata magana taku. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Akwai yarinyar maƙwabtanmu da ta je wani kafe yin rajistar makaranta, mai kafen ya ga ba ta da imel, sai ya buɗe mata ɗaya a gurguje, bai faɗa mata kalmar sirrin ba, ita ma ba ta san ana tambaya ba. Da lokacin duba saƙon makaranta ya yi, an tashi shagon. Mahaifinta ya yi mako biyu yana yawo kafin a warware. Buɗe imel bai fi minti goma ba, kuma kyauta ne. Yaro ya buɗe nasa da lambar wayar gida, ya zaɓi kalmar sirrin da ba sunansa ba ce, ba shekarar haihuwarsa ba, a rubuta ta a littafi a adana inda ake adana takardun gida.

Yanzu gare ku matasa, 'yan uwana, domin rabin laifin namu ne. Uwa ta ce, "Zo ka nuna mini," sai mu ce, "Kawo in yi miki." Mu karɓe wayar, yatsu su yi ta rawa, cikin daƙiƙa goma mu miƙa mata. An biya buƙata, amma gobe ma sai ta jira mu. Ni ma na yi hakan ranar. Gwaggo tana neman harafi a allon rubutu, ta daɗe, sai na miƙa hannu. Ta buge hannun a hankali ta ce, "Ke, 'yar nan, ajiye hannunki. Ni ban taɓa rubuta wa yaro a littafinsa ba. Faɗa mini, in yi." Na mayar da hannuna kan cinya. Kalma uku ta ɗauke ta kusan minti biyu. Ta yi kuskure, ta goge, ta sake. Abin da ta fara nema da hannunta sunan kwalejin horar da malamai mata da ta yi a Kano ne. Da hoton ƙofar makarantar ya fito, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta daɗe tana kallo. Ta fara lissafo mini sunayen ƙawayenta na ɗakin kwana, da waɗanda suka rasu, da waɗanda ba ta san inda suke ba.

In za ku koyar, ku zauna a gefe, ba a gaba ba, don ku ga abin da suke gani. Abu ɗaya a rana ya isa. Kada ku yi dariya, kada ku yi tsaki, domin dattijon da aka yi wa tsaki sau ɗaya ba zai sake tambaya ba. Ku bar su su rubuta matakan a takarda da kalmominsu. Gwaggo ta yi nata a bayan tsohuwar kalanda, ta zana da'irar Chrome da biro, ta rubuta "ƙofa" a ƙarƙashinta.

Bayan kamar mako uku, ina wurin aiki, sai ga saƙon muryarta. An sake turo wani linki a guruf ɗin, wannan karon wai rabon kujerun Hajji kyauta. Ta ce ta karanta adireshin har sau biyu, ta kuma je burauza ta nemi shafin hukumar alhazai da kanta, ba ta ga zancen ba. Ta yi wa matan guruf bayani, har mutum biyu sun ce za su zo gidanta ranar Alhamis bayan la'asar da wayoyinsu. Sannan ta ce, "In kin zo Asabar, ki nuna mini yadda ake ganin taswira. Ina son in ga hanyar da muka bi daga masaukinmu zuwa masallacin Madina."

Asabar ɗin zan je, in Allah ya kai mu.