Ranar da Ubangida Zai Tsaya Gaban Alƙali

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, da makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu da suka cika unguwanninmu, an daɗe ana ɗaukar ma'aikaci da fatar baki. Wani ne zai riƙo hannunsa ya kawo shi ya ce, "Alhaji, ga yaron nan, ɗan mutunci ne." A yi tsadar albashi a tsaye, a nuna masa inda zai zauna. Ranar da rai ya ɓaci kuwa, kalma huɗu ta isa: "Tattara kayanka ka tafi." Babu takarda ranar shiga, babu ranar fita. Amana ce ta riƙe wannan tsari shekara da shekaru, sai kuma rashin sanin inda ma'aikaci zai kai kukansa. Yanzu dokokin ƙwadago na Najeriya sun sauya, har mai irin wannan ɗabi'a zai iya wayar gari da sammaci a hannu.

Sauyin da kowa ya ji shi ne na mafi ƙarancin albashi. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar rayuwa ta lashe N30,000 ɗin da aka tsayar tun 2019. Aka yi ta ja-in-ja tsakanin gwamnati da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, waɗanda suka buɗe ciniki da N615,000. Ranar 3 ga Yunin 2024 'yan ƙwadago suka tsunduma yajin aikin da ya kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa. Daga bisani aka daidaita a kan N70,000, Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokar hannu ranar 29 ga Yulin 2024. A cikinta aka rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, ke nan a 2027 za a sake zaman ciniki. Wasu jihohi sun ɗara wa nasu ma'aikatan: Kano N71,000, Kaduna N72,000, Legas N85,000.

Masu sana'a da yawa sun ɗauka wannan magana ce tsakanin gwamnati da ma'aikatanta. Alhali dokar ta hau kan duk wanda yake da ma'aikata 25 ko fiye, ɗan kasuwa ne ko mai makaranta. Waɗanda aka ɗauke wa sun haɗa da mai ƙasa da wannan adadi, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin 'yan sa'o'i, da ayyukan da suke bin damina da kaka kamar noma. Wanda ya ƙi biya kuma aka kama shi, zai biya bashin da ya taru, da tara, da kuɗin ruwa a kai.

Sai dai N70,000 kan jirgi ne kawai, akwai taragai a bayansa. Mu ɗauki mai makarantar kuɗi da ke da malamai da masu gadi da masu shara su 30, a ce kowa mafi ƙarancin albashi yake ɗauka. Albashi kaɗai N2,100,000 ne a wata. Dokar fansho ta 2014, wadda ta wajaba a kan mai ma'aikata 15 zuwa sama, ta ce ya zuba kashi 10 cikin ɗari daga aljihunsa, ya cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, ya tura duka cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan an lissafa a kan albashin gaba ɗaya, nasa kason N210,000 ne. Ga kashi 1 na asusun NSITF, mai biyan diyya idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki: N21,000. Ga wani kashi 1 na asusun horar da ma'aikata na ITF: N21,000. Jimilla N2,352,000, a inda irin wannan lissafi a kan N30,000 bai wuce N1,008,000 ba. Ba a ma sa inshorar rai ba, wadda dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, ko inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta.

An ɗan sassauta ta wasu fuskoki. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗauke kuɗin ITF daga kan mai ƙasa da ma'aikata 25, bayan a da mai biyar ma yana biya. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 kuma ta ce N800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara babu haraji a kai, don haka dole akanta ya sake lissafin abin da yake cirewa a albashi.

Amma sauyin da ya fi zurfi a kotu yake. Gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya fara aiki a Maris ɗin 2011, ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'un ƙwadago. Tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da wasu biranen. Sashen ya kuma ba ta ikon duba yadda duniya take yi wajen adalci a wurin aiki. A tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila, ubangida yana iya sallamar yaronsa da dalili mai kyau, ko marar kyau, ko ma babu dalili, muddin ya ba da notis. In ya saɓa, abin da zai biya bai wuce albashin kwanakin notis ɗin ba. Kotun Ma'aikata ta yi ta kauce wa wannan, tana dogaro da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce sai da dalili da ya shafi halin ma'aikaci, ko iya aikinsa, ko buƙatar kamfani. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin da ya ba wata ma'aikaciya diyyar albashin shekara biyu. Tsohuwar ƙa'idar ba ta mutu murus ba, har yanzu tana leƙowa a wasu hukunce-hukuncen manyan kotuna, amma mai sallama babu dalili yau caca yake yi da dukiyarsa.

Dabarun kauce wa doka ma sun fara tsufa. Wanda ya ɗauko leburori ta hannun ɗan kwangila don ya ce ba yaransa ba ne, kotu tana iya duba wanda yake ba su umarni kullum, ta ɗora wa su biyun alhaki. Haka wanda ya takura wa ma'aikaci har ya ajiye aiki da kansa, ana iya ɗaukar hakan a matsayin kora. Tun Nuwamban 2022 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 kan cin zarafi da neman lalata a wurin aiki, saboda haka mai kamfanin da aka kai wa ƙorafi ya kau da kai, shi ma ya shiga ciki.

Babu mai musun cewa masu masana'antu suna jin jiki. Kuɗin dizal da na wuta da faɗuwar naira sun rufe ƙofofi da yawa a Kano da Kaduna. Amma mafi yawan abin da ke kayar da ubangida a gaban alƙali ba ya cin kuɗi. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta tun 1974 ne, ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Ta ƙayyade notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda daga nan. Ta ba da hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan wata 12, da hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Wanda ake zargi da laifi kuma a ba shi takardar tuhuma, a saurari amsarsa, a adana.

Wasu suna ganin rubuta yarjejeniya tamkar nuna rashin yarda ne. Sun manta cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma albashin da ba a biya ba bashi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka kira shari'a, wanda ya kawo yaron ya ce ɗan mutunci ne ba shi alƙali zai nema ba. Zai dubi ubangida ya tambaye shi takardar ɗaukar aiki, da shaidar biyan albashi da fansho, da takardar da ta faɗi dalilin sallama.