Kama da Wane Ba Ta Wane: Tankokin Kwaikwayo a Finafinan Yaƙi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan Turawa na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu suke kira Yaƙin Hitila, ya sha ganin tankokin Jamus suna tafe suna girgiza ƙasa, ɗauke da baƙin tambarin nan mai kama da gicciye. Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, mafi yawan waɗannan tankoki ba su taɓa fitowa daga masana'antar Jamus ba. Wasu na Amurka ne aka shafa wa fenti, wasu kuwa na Rasha ne aka yi wa sabuwar riga ta ƙarfe. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa ake yin haka, da yadda ake yi, da kuma yadda ɗalibi mai nazarin fim zai auna sahihancin abin da aka nuna masa.

Me ya sa ake kwaikwayo?

Babban dalili shi ne ƙarancin na asali. Mu ɗauki tankar Jamus da ta fi kowace suna, wato Tiger I. Tsakanin 1942 da 1944 kimanin guda 1,350 kacal aka ƙera. Yawancinsu a fagen fama suka ƙare, wasu matuƙansu ne suka tarwatsa su da kansu gudun kada su faɗa hannun abokan gaba, saura kuma aka narkar bayan yaƙi. A yau waɗanda suka rage ba su kai goma ba, kuma ɗaya tak ce injinta ke tashi. Amurka kuwa ta ƙera tankar Sherman kusan 50,000, ita kuma T-34 ta Tarayyar Sobiyet an ƙera fiye da 80,000 idan aka haɗa da na bayan yaƙi. Saboda haka darakta zai iya samun tankar waɗanda suka ci yaƙi, amma samun ta Jamus sai an sha wuya.

Dalili na biyu shi ne darajar abin. Tankar da ta haura shekara 80, wadda babu mai ƙera kayan gyaranta, ba za a bari a tuƙa ta cikin taɓo a cinna mata wuta ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Hanya ta farko: fenti kawai

A shekarun 1960 da farkon 1970 masu shirya fim kan yi hayar sojojin wata ƙasa da kayan aikinsu, sai a sauya launi a manna tambari. Haka aka yi a fim ɗin Battle of the Bulge na 1965, wanda aka ɗauka a ƙasar Sifen. Tankokin Amurka samfurin M47, ƙirar shekarun 1950, su ne suka fito a matsayin manyan tankokin Jamus. Ban da wannan, yaƙin na gaskiya an gwabza shi ne cikin dazuzzukan Ardennes a tsakiyar hunturu, daga Disamba 1944 zuwa Janairu 1945, cikin ƙanƙara da hazo, amma fim ɗin ya kai karon ƙarshe wani busasshen fili. Tsohon shugaban Amurka Eisenhower, wanda shi ne babban kwamandan sojojin ƙawance a lokacin yaƙin, ya fito fili ya soki fim ɗin saboda kurakuransa.

Abin dariya ya fi fitowa a fim ɗin Patton na 1970. Tankokin da suka fito a matsayin na Jamus samfurin M48 ne, waɗanda Amurkawa suka raɗa wa sunan Janar Patton ɗin kansa. Ke nan an nuna mutum yana yaƙi da takwarorinsa.

Hanya ta biyu: sabuwar riga a kan tsohon jiki

Da idon 'yan kallo ya ƙara buɗewa, sai aka koma ga maƙera da masu walda. Akan samo tanka mai araha da ke tafiya, galibi T-34, a yanka farantan ƙarfe a lulluɓe ta da su har ta ɗauki siffar Tiger, a kuma ƙara wa igwarta tsawo. An yi haka a Kelly's Heroes na 1970 da aka ɗauka a tsohuwar Yugoslabiya, aka kuma maimaita a Saving Private Ryan na Steven Spielberg a 1998.

Daga sama aikin yakan yi kyau ƙwarai, amma ƙafafu kan tona asiri. Tayoyin ƙarfen Tiger a cuɗe suke, wannan ya shiga bayan wancan, alhali T-34 manyan tayoyi biyar gare ta a kowane gefe, a jere cikin sahu ɗaya. Haƙorin da ke jan sarƙar Tiger a gaba yake, na T-34 kuwa a baya. Kan Tiger mai juyawa, wanda ke ɗauke da igwa, yana zaune ne a tsakiyar jiki, na T-34 kuwa ya matso gaba, don haka ta kwaikwayon takan yi kamar ta sunkuyo. Ga kuma bambancin girma: Tiger ta kai kimanin tan 57, T-34 kuwa ba ta wuce tan 32 ba. Shi ya sa gwanin mai ɗaukar hoto yakan ɓoye ƙafafun da ɓaraguzan gini, ko hayaƙi, ko ya ɗauko tankar ta gaba.

Jiragen sama ma ba su tsira ba. A Tora! Tora! Tora! na 1970 jiragen koyon tuƙi na Amurka aka gyara suka zama jiragen Japan. A Battle of Britain na 1969 kuwa, jiragen da suka fito a matsayin na Jamus ƙirar Sifen ne masu injin Rolls-Royce na Ingila, wato irin injin da ke cikin jiragen da suke yaƙa.

Hanya ta uku: ta asalin kanta

A 2014 fim ɗin Fury, na darakta David Ayer, ya samu abin da sauran suka rasa. Gidan adana tankoki na Bovington da ke Ingila ya ba da aron Tiger mai lamba 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya cikin Afrilu 1943, ita ce kuma ɗaya tilon da muka ce tana tafiya. Mai kallo ya ga ainihin faɗinta, da nauyin tafiyarta, da yadda sarƙarta ke cin ƙasa.

To amma ko a nan masana ba su yi shiru ba. Labarin fim ɗin yana faruwa ne a Jamus cikin Afrilu 1945, ita kuwa lamba 131 ƙirar farko-farko ce ta zamanin yaƙin hamada. Shaman ɗin da jarumin yake ciki mai injin dizal ce, alhali irin wadda take wakilta fetur take sha. Sun kuma soki yadda Tiger ta baro maɓoyarta ta tunkaro abokan gaba, bayan kuwa ƙarfinta yana ga igwarta mai milimita 88 da ke kisa daga nesa. Wato an samu tanka ta gaske, amma an sa ta yin abin da gogaggen matuƙi zai yi wuya ya yi.

Ma'aunai uku

Daga waɗannan misalai za mu iya fitar da tambayoyi uku. Ta farko, shin abin ya yi kama da na asali a siffa? Ta biyu, shin akwai shi a wannan wuri a wannan lokaci? Ta uku, shin an yi aiki da shi yadda sojojin zamanin suke yi? Fim kan iya cin ɗaya ya faɗi ɗaya. Tankokin Saving Private Ryan sun yi ƙoƙari wajen siffa, amma a watan Yuni na 1944 rundunonin Tiger suna fama ne da sojojin Birtaniya a kewayen birnin Caen, ba da Amurkawa ba kamar yadda fim ɗin ya nuna.

Wajibi ne kuma a bambance kuskure da ganganci. A Dunkirk na 2017, Christopher Nolan ya sa an shafa wa hancin jiragen Jamus rawayan fenti, yana sane da cewa a ƙarshen Mayu da farkon Yunin 1940 ba a fara yin haka ba tukuna. Manufarsa ita ce mai kallo ya rabe jirgin Jamus da na Ingila cikin ƙiftawar ido. Irin wannan zaɓi ne na mai fasaha, ana iya yarda da shi ko a ƙi, amma ba jahilci ba ne.

A yau kwamfuta tana iya zana tanka ɗari ba tare da an sayi ƙusa ɗaya ba, har ta gyara ƙafafun ta kwaikwayo. Ta sauƙaƙa amsar tambayar farko, amma ta biyu da ta uku har gobe sai an yi bincike.

Kammalawa

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan yawan tayoyin tanka? Amsa ita ce, miliyoyin mutane daga fim suke ɗaukar tarihin wannan yaƙi, kuma abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya bisa ga wanda aka karanta. Idan kowane fim ya cika da Tiger, mai kallo zai ɗauka ko'ina akwai ta, alhali ƙalilan ce cikin tankokin Jamus. Don haka, ya ɗan'uwa ɗalibi, idan ka zauna nazarin fim ɗin yaƙi, kada ka tsaya ga tambari da fenti. Dubi ƙafafun tankar, ka binciki shekarar da wurin da labarin ya faru, sannan ka tambayi kanka ko darakta rashi ne ya tilasta shi, ko sakaci ya yi, ko kuwa da gangan ya kauce don labari ya fito.