Kama da Wane Ba Wane Ba Ce

Da bazara, in rana ta yi zafi, kukan wani ƙwaro yakan cika itatuwa. Ba gyare ba ne, ba kuma tsanya ba ce. Turawa suna kiransa sikada. Namijin ne ke kuka. Yana da wata fata kamar ta ganga a gefen cikinsa, ita ce ke ba da ƙara. 'Ya'yansa a cikin ƙasa suke girma, suna tsotson ruwan saiwar itace. A duniya akwai irinsa fiye da 3,000.

Masu ilmin halitta sun rarraba ƙwari gida gida, kamar yadda mutane suke da zuriya. Duk irin da suka fito daga kaka ɗaya, sai a sa su gida ɗaya, a ba su suna ɗaya.

To, da can, da ido ake wannan rabo. Akwai wani gida da ake kira Tibicen. An zuba sikada na Amurka da na Turai da na Asiya a cikinsa, don sun yi kama da juna.

Amma a jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado, waɗanda ɗa ke samu daga iyayensa. Yanzu ana iya auna su. A shekarar 2015, wata malama mai suna Kathy Hill da abokan aikinta uku suka auna na waɗannan ƙwari. Sai suka ga na Amurka ba 'yan'uwan na Turai ne na kusa ba. Suka fid da su, suka buɗe musu sababbin gidaje biyu. Na gabashin ƙasar aka kira su Neotibicen, wato sabon Tibicen. Na yamma kuma aka kira su Hadoa.

Mene ne amfanin wannan wahala? In an sa ƙwaro a gidan da ba nasa ba, za a ɗora masa halin da ba nasa ba. Wanda ya karanta littafin kuwa sai ya ɓata. Gyaran kuskure ba abin kunya ba ne ga mai ilmi.

Tambayoyi

1. Da me sikada ke kuka?
2. Ina 'ya'yansa suke girma?
3. Don me aka raba gidan Tibicen?