Yaran da Suka Fi Ƙidaya

Layi ɗaya ne a rahoton wata ya taso sufeton lafiya daga Katsina: wani ƙaramin asibiti a gefen Yankara ya yi wa yara rigakafin ƙyanda fiye da ɗari bisa ɗari. Ta yaya ake yi wa yaron da babu shi allura? A ofis har an gama yanke hukunci, aikin biro ne.

Ya bi titin Funtuwa zuwa Gusau, ya wuce Sheme, ya iso da hantsi. Rajista ya fara jawowa. Mai cika sunayen bogi dare ɗaya yake zama, biro ɗaya, shafi fes. Wannan kuwa tawada kala uku ce, hannu biyu, gefen takardar duk dattin yatsa.

Sai kwalabe. Kwalbar ƙyanda ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan awa shida zubar da ragowar ake yi. Ya zazzage kwalin waɗanda aka shanye, ya ƙirga, ya gwada da littafin sito. Lissafi ya zauna, har da 'yar asarar da ba a rasawa (maƙaryaci shi ne ke manta asara). Abu ɗaya ya tsaya masa: wasu kwalaben aro ne daga wani asibitin ƙauye. Wane ne ke da rarar magani har ya ba da aro?

Ya koma rajista, ya bi layin adireshi da yatsa. Ƙauyukan wajen Sabuwa, na wajen Ƙanƙara, har da na Tsafe ta Zamfara. Ya dubi malamar asibitin.

"Malama, ai waɗannan ba naki ba ne."

"Yallaɓai, da ƙafarsu suka zo. In kore su?"

Ta kai shi wani gida a bayan kasuwa. Iyali uku ke raba tsakar gida ɗaya, an tsaga ta da zana. Wata tsohuwa ta buɗe kwalla, ta zaro katunan rigakafin jikokinta naɗe a leda. Ranakun suka yi daidai da rajista. 'Yan bindiga ne suka tashe su, suka nufo bakin kwalta.

Nan ƙullin ya warware. Adadin yaran da ake auna kowane asibiti da shi daga ƙidayar 2006 aka ɗauko shi, ana ɗan ƙara masa kowace shekara kamar kowa na zaune inda aka ƙirga shi. Asibitin da ya ba da aron, garinsa ne ya watse, kuma takarda na nuna ma'aikacinsa malalaci ne. Ita kuwa malamar da jama'ar suka dawo wa, takarda ta mai da ita maƙaryaciya.

Sufeto ya duba fom ɗinsa sama da ƙasa, babu gurbin rubuta gudun hijira. Ya juya bayan takardar, ya nemi aron biron malamar.